Kula da Manyan Itatuwa a Gidajen Zangon Lome

1.0 Zango da itatuwansa

Zangon Lome, babban birnin ƙasar Togo, ba a inda yake a yau aka fara kafa shi ba. Tsohon zango yana tsakiyar gari ne, kuma a can fataken goro da na shanu, Hausawa da sauran Musulmin arewa, suka zauna tsawon shekaru. A shekarar 1977 hukuma ta rushe unguwar, ta mayar da mutanen bayan gari, wajen Agoè, kimanin kilomita 15 arewa da tsakiyar birni, a bakin babbar hanyar da ta nufi arewacin ƙasar. Masanin nan Bafaranshe, Michel Agier, ya yi nazarin 'yan kasuwar wannan zango a littafin da ya wallafa a 1983. A shekarar ta 1977 ce kuma gwamnatin Eyadema ta ware ranar 1 ga watan Yuni ta zama ranar dashen itace a duk faɗin Togo.

Ke nan duk itacen da magidanci ya dasa a shekarun farko na ƙaura, a yau ya haura shekara 40. Mangwaro da dogon yaro masu irin wannan shekaru sun wuce matsayin dashe, sun zama manyan itatuwa, kuma kulawar da suke bukata daban take da ta ƙananan. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Babban itace ya wuce tanƙwara, abin da ya rage shi ne a san yadda za a zauna da shi ba tare da ya mutu ko ya faɗa wa ɗaki ba.

Ɗalibi zai lura cewa "itace" da "bishiya" duk ana amfani da su, sai dai "itace" yana kuma nufin makamashin girki, a karin harshen yamma kuwa "icce" ake cewa. Shi ma dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya aka kawo shi, sunansa ya bambanta daga gari zuwa gari: darbejiya, maina, bedi.

2.0 Saiwa

Yawancin cutar da ke kashe babban itace a cikin gida daga ƙasa take farawa, inda ido ba ya gani. Mutane da dama suna zaton saiwar itace tana nutsawa ne kai tsaye kamar rijiya. Alhali mafi yawan ƙananan jijiyoyin da ke shan ruwa da abinci suna kwance ne a cikin rabin mita na saman ƙasa, kuma suna bazuwa har su wuce iyakar inuwar itacen. Waɗannan jijiyoyi suna bukatar iska kamar yadda suke bukatar ruwa.

A nan ne siminti yake yin ɓarna. Idan magidanci ya samu hali, sai ya dabe tsakar gida duka don gudun caɓi, ya kai simintin har jikin kututture. Shekara ɗaya ko biyu ba a ganin komai. Daga baya sai ganye ya fara ƙanƙancewa, rassan sama su riƙa bushewa ɗaya bayan ɗaya, a ce itacen ya tsufa, alhali shaƙe shi aka yi. Wanda ya zama dole ya yi daɓe, ya kamata ya bar fili mai faɗi kewaye da gindi, ya zuba busasshen ganye ko tsakuwa. Haka kuma mai haƙa harsashin sabon ɗaki ko ramin masai, idan ya datse manyan saiwoyi ta ɓangare ɗaya, ya cire wa itacen turakun da ke riƙe da shi ne. Hadarin farkon damina, wanda a Lome yakan zo da iska mai ƙarfi wajen Maris da Afrilu, shi zai ƙarasa aikin.

Yanayin Lome yana da ban mamaki. Duk da tana bakin teku, ruwan samanta bai cika kai milimita 900 a shekara ba, ƙasa da na Legas da Abijan nesa ba kusa ba. Damina biyu take yi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama a Satumba da Oktoba. Amma wani ɓangare na sabon zango yana kusa da kwarin kogin Zio, inda ruwa kan kwanta. Ambaliyar 2008 har gadar Togblékopé ta taɓa. Dogon yaro yana jure fari sosai, amma ba ya jure kwanciyar ruwa a gindinsa. Don haka gyara magudanar ruwan gida yana cikin kula da itace. Ruwan alwala ba ya cutarwa, ruwan wanki mai omo da gishiri kuwa, idan kullum a wuri ɗaya ake zubar da shi, yana lalata ƙasar.

3.0 Sara da datsa

Al'adar da ta fi yawa ita ce a ƙyale itace har sai ya tsorata mutanen gida, sannan a kira mai adda ya hau ya gundule kansa baki ɗaya, a bar gungume tsaye. Dogon yaro zai sake toho, shi ya sa ake ganin babu laifi. To amma sababbin rassan daga gefen ɓawo suke fitowa, ba su da kama mai ƙarfi a cikin itacen, ga saurin girma. Bayan 'yan shekaru su ne iska take ɓallewa su faɗo kan kwano. Wurin da aka gundule kuma ruwa yana zama a ciki, ruɓa ta bi ta gangara, gara ta samu ƙofa.

Masana harkar itatuwa suna ba da shawarar kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen itace a shekara guda, ga tsohon itace ma ƙasa da haka. A fara da busassun rassa, da masu gugar juna, da waɗanda suka rataya a kan ɗaki. Reshe mai nauyi sau uku ake yanka shi. Da farko a ɗan tsaga shi ta ƙasa, kamar kamu ɗaya daga jikin itacen, sannan a yanke ta sama gaba kaɗan da wannan tsaga, ta yadda in ya faɗi ba zai yage ɓawo ba. A ƙarshe a cire guntun da ya rage daidai bakin kumburin da ke mahaɗar reshe da kututture. Wannan kumburi shi ne ke toshe raunin, saboda haka ba a taɓa shi. Zarto ya fi adda, don adda tana farfasa wurin. Mangwaro bayan an gama cin 'ya'yansa ake rage shi. Reshen da ya kusanci wayar lantarki kuwa aikin ma'aikatan wuta ne, ba na yaran gida ba.

Akwai ƙananan abubuwa da ake rainawa: ƙona shara a gindi, ɗaure ragon layya da waya har ta ci ɓawo, da sassaƙe. Sassaƙen magani, musamman na maɗaci, in aka ɗebe shi ta gefe ɗaya itacen yana warkewa. In aka kewaye kututturen da shi, an yanke hanyar da abinci ke bi daga ganye zuwa saiwa, kuma itacen ba zai tashi ba. Kauci, wato tsiron da ke maƙalewa a reshe yana shan ruwansa, cire shi ake yi tare da reshen tun bai yaɗu ba.

4.0 Ƙwari

Togo tana da tarihi a wannan fage. A farkon shekarun 1980 wani farin ƙwaro mai kama da auduga, wanda ya fito daga Asiya, ya mamaye mangwaro a kudancin Togo da Gana. Yana tsotse ruwan ganye, ya bar danƙo mai zaƙi da ke jawo baƙin fumfuna, har itace ya daina 'ya'ya. Mutane da yawa sun sare mangwaronsu don takaici. Maganin bai zo ta feshi ba. A 1987 aka saki wani ɗan ƙaramin zanzaro da aka kawo daga Indiya, wanda ke saka ƙwansa a jikin ƙwaron, kuma cikin 'yan shekaru annobar ta lafa. Daga wajen 2004 kuma wani ƙudan 'ya'yan itace, shi ma daga Asiya, ya shigo Afirka ta Yamma, shi ne ke sa tsutsa a cikin nunannen mangwaro. Abin da mai gida zai iya yi shi ne tsince duk wanda ya faɗo, a binne shi da zurfi ko a ƙulle a baƙar leda a ajiye a rana, don kada tsutsar ta shiga ƙasa ta ƙyanƙyashe.

5.0 Maƙwabta da magada

Itace bai san iyakar fili ba. Reshe kan tsallaka katanga, saiwa kan tsaga ginin maƙwabci, ganye kan toshe masa indararo. Malaman Malikiyya sun daɗe da tattauna wannan. Ibn Asim na Andalus ya ware fasali a kan cutarwar itatuwa a cikin Tuhfatul Hukkam, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka sani sarai. Abin da aka fahimta shi ne, itacen da aka dasa bayan an gina katanga ana yanke abin da ke cutar da ita daga jikinsa, in kuwa itacen ya riga katangar, malamai sun yi saɓani. A zango irin wannan magana takan ƙare ne a gaban liman ko dattawan unguwa. Ta fuskar hukuma kuma Togo tana da dokar gandun daji ta 2008, don haka mai niyyar kayar da babban itace gara ya tuntuɓi ma'aikatan gandun daji kafin ya ɗauko gatari.

Barazanar da ta fi gara da ƙwari ita ce rabon gado. Lome ta bunƙasa har ta haɗiye Agoè, fili ya yi tsada, ɗakin haya ya zama jari. Idan wanda ya dasa itacen ya rasu, magada sukan auna inuwar da yawan ɗakunan da za ta ci, kuma sau da yawa lissafin bai haɗa da zafin da ɗakin kwano zai yi a watan Maris ba, ko wurin da makarantar allo da masu zaman makoki za su koma. Ana iya gina ɗaki cikin wata uku, amma mangwaron da zai rufe tsakar gida da inuwa sai ya shekara 15 ko fiye. Wasu gidajen kan sasanta ta hanyar ja da ginin baya kamar mita uku daga kututture, a rage rassan ɓangaren a hankali cikin damina biyu ko uku, a bar sauran.