Kafin ka sauya Windows a kwamfutar ɗaukar waƙa

Mai saurare, in kana ɗaukar waƙa ko tallar hajarka a gida, ga shawara. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10. To, amma kada ka yi gaggawar hawa Windows 11. Tana buƙatar guntun tsaro mai suna TPM 2.0, wanda yawancin tsofaffin kwamfutocin gwanjo ba su da shi. Fara bincika ko akwatin da kake jona makirufo zai yi aiki da ita, sannan ka kwafe waƙoƙinka a filashi. In kwamfutarka ta gaza, Ubuntu Studio kyauta ce, kuma manhajar ɗaukar murya ta Audacity na aiki a kanta. In kuwa ba ka haɗa ta da intanet, bar ta yadda take, aikinka ba zai tsaya ba.