Ƙwayar Cutar Tumbi da Hanyar da Ke Kaiwa Hanta

An daɗe ana ɗora laifin gyambon ciki, wato olsa, a kan yaji da yunwa da yawan damuwa. Likitoci sun ɗauka babu ƙwayar cutar da za ta rayu a cikin ruwan tsamin da ke narka abinci. A 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka raini wata murɗaɗɗiyar bakteriya da suka ɗebo daga tumbin marasa lafiya. Da aka ƙi yarda da su cewa ita ce ke kawo gyambon, sai Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ke ɗauke da ita a 1984. Cikin 'yan kwanaki amai ya kama shi, bangon tumbinsa ya kumbura. An ba su lambar yabo ta Nobel a 2005.

Sunan ƙwayar Helicobacter pylori. Galibi tun ana yara ake ɗaukar ta, ta gurɓataccen ruwa ko cunkoson gida. Tana lafewa cikin yauƙin da ya lulluɓe bangon tumbi, tana fitar da sinadarin da ke kashe kaifin tsamin da ke kewaye da ita. Mafi yawan masu ita ba sa jin komai. Amma a jikin wasu, kumburin shekara da shekaru yakan sa bangon ya sirance, ƙari ya tsiro, ya zama sankara. Shi ya sa a 1994 hukumar binciken sankara ta duniya ta sanya ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar.

Jinin da ya ratsa tumbi da hanji yana bin wata babbar jijiya ya zube a hanta. Idan ƙarin ya fashe ya zama gyambo, ƙofa ta buɗe wa wasu ƙwayoyin cuta. Sai su bi jinin su sauka a hanta, mugunya ta taru kamar maruru. Mara lafiya ya kwanta da zazzaɓi da rawar sanyi da ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Ana zuƙe mugunyar da allura a haɗa da magani, amma idan ba a gano tushenta ba, likita kan leƙa tumbi da hanji da na'ura.

Gwajin bahaya ko na numfashi yana nuna ƙwayar Helicobacter pylori, maganin kamar mako biyu kuma yakan kawar da ita. Olsar da ta zo da rama, ko baƙin bahaya, ko aman jini ta wuce madara da ƙwayar kemis, asibiti za a nufa.