Miyako, harshen da wasu kalmominsa ba su da wasali

Tsibiran Miyako suna kimanin kilomita 300 kudu maso yamma da babban tsibirin Okinawa, a ƙasar Japan. A can akwai harshen da masu shi ke kira Myaakufutsu. An daɗe ana ɗaukar sa karin Japananci ne kawai, amma mutumin Tokyo ba ya gane shi, haka ma mutumin Naha, babban birnin Okinawa. Danginsa na kusa su ne Yaeyama da Yonaguni, waɗanda tare suke zama reshen kudu na harsunan Ryukyu.

Kunne ne ke fara kama bambancin. Japananci yana son kowane baƙi ya jawo wasalinsa a baya, shi ya sa ake jin Yamaha da Suzuki sun zauna daram a bakin Bahaushe. Miyako kuwa yakan bar baƙi ya tsaya shi kaɗai a matsayin gaɓa. A ƙaramin tsibirin Ogami abin ya kai maƙura: “pss” rana ce, “ff” kuma matajin kai, babu wasali ko ɗaya. Kalmomi irin waɗannan ba su da yawa a harsunan duniya.

Sai kuma tsohon sautin p. A Japananci ya rikiɗe ya zama f, daga baya h, kamar yadda “fita” ke zama “hita” a bakin Basakkwace. Yawancin karorin Miyako sun riƙe na asali, don haka furen da ake kira “hana” a Tokyo “pana” ne a garin Hirara na Miyako. A nan Miyako ne ya adana abin da harshen birni ya zubar, kuma wannan kaɗai ya isa ya kunyata mai cewa gurɓataccen Japananci ne.

Masanin Rasha Nikolai Nevsky ya fara zuwa tsibiran a 1922 yana tattara kalmomi da waƙoƙi. A zamanin kuwa makarantun yankin suna rataya wa yaro allon hukunci a wuya idan ya yi harshen gida, manufar da ta biyo bayan haɗe masarautar Ryukyu da Japan a 1879. A 2009 UNESCO ta saka Miyako cikin harsunan da ke fuskantar ɓacewa. Baƙo yana ganin “nmyaachi”, wato sannu da zuwa, a rubuce a alluna, amma masu iya zance da shi tiryan-tiryan yawancinsu tsofaffi ne, jikokinsu kuma da Japananci suka tashi.