Laburare Ba Na Shiru Kaɗai Ba Ne: Manhajojin Kyauta da Ke Mayar da Matasa Maƙera

Tun shekarar 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, amma har gobe akwai yaran da sai a zauren jarrabawa suke fara dafa linzamin kwamfuta. Yaro ya ƙware a TikTok da WhatsApp, sai ka ce ya rubuta sunansa da allon madannai, ka ga yana laluben haruffa ɗaya bayan ɗaya. Waya ta koya masa kallo da turawa, ba ta koya masa ƙirƙira ba.

Ni malamar makaranta ce, ranar Asabar kuma ina aikin sa kai a wani ƙaramin laburare na unguwarmu. Kwamfutocinmu na hannu ne, tsofaffi, datarmu kuwa ta karo-karo ce. Duk da haka matasa na zuwa, domin abubuwan da muke amfani da su ba a biyan ko kwabo.

Da Scratch muke farawa. Masana a jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin Mitchel Resnick, suka fitar da ita a 2007 don yara 'yan shekara 8 zuwa 16. Ba a rubuta umarni a cikinta, jawo shi ake yi a jera kamar tubalin gini: shuɗi na motsi, ruwan ɗorawa na farawa, ruwan lemo na maimaitawa da sharaɗi. A gefe ga wata kyanwa tana jiran a ba ta aiki.

Wata yarinya 'yar aji uku ta ce wa kyanwar ta yi taku goma, ta sa umarnin cikin tubalin maimaitawa, ta danna koriyar tuta. Kyanwa ta ruga ta maƙale a bango. "Malama, ta ƙi dawowa!" Na ce, "To wa ya ce mata ta dawo?" Ta yi shiru, ta bi tubalan da ido har ta gano wanda ke cewa in an kai gefe a juyo. Kyanwa ta juyo, amma kai a ƙasa, ƙafafu a sama. Ƙawarta ta kwashe da dariya, suka duƙufa tare har suka gyara. Ba wanda ya yi musu lacca, amma sun koyi babban darasin wannan fanni: na'ura abin da ka faɗa mata take yi, in ta kauce, a umarninka za ka nemi kuskuren. Ana iya sauke Scratch a kwamfuta, ta yi aiki babu intanet.

Waɗanda suka ɗan girma sukan raina kyanwa. Su nake nuna wa MIT App Inventor, inda da irin waɗannan tubalan ake haɗa manhajar da za ta hau wayar Android ta gaske. Wani saurayi ya haɗa wadda ke lissafa wa mahaifiyarsa cinikin awara. Masu son wutar lantarki kuma ga Tinkercad na kamfanin Autodesk: a kan allo za ka haɗa batir da waya da ƙaramin ƙwan fitila, in ƙarfin wutar ya yi yawa ƙwan ya ƙone, ba a yi asarar komai ba. Akwai kuma PhET, wadda Carl Wieman, mai lambar Nobel ta kimiyyar fiziks, ya kafa a jami'ar Colorado a 2002, mai amfani ga makarantun da ba su da ɗakin gwaje-gwaje.

Babbar matsalarmu data ce, kuma akwai waɗanda suka yi tunaninta tun kafin mu. Kiwix, da aka fara a 2007, tana ba ka damar sauke Wikipedia sukutum, har da ta Hausa, ka zuba a filashi ka kawo laburare. Kolibri kuwa, ta ƙungiyar Learning Equality, a kwamfuta ɗaya ake ɗora ta da darussa, ciki har da na Khan Academy, sauran kwamfutoci da wayoyin da ke ɗakin su ja daga gare ta ba tare da intanet ba. Sau ɗaya ake kashe data, yara su yi ta amfana.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne ranar da suka gane harshensu ma yana da gurbi. Da Audacity, manhajar gyaran murya, sukan naɗo tatsuniya daga bakin kakanninsu, su yanke kukan akuya da ƙarar janareta, su ajiye ta tas. Manyansu kan gyara maƙala a Wikipedia ta Hausa game da garinsu ko sana'ar gidansu.

Manhaja kaɗai ba ta riƙe matashi. A zaunar da su biyu-biyu, ɗaya na riƙe da linzami, ɗaya na ba da shawara, bayan minti goma su yi musaya. A ba su aikin da za su kammala a zama ɗaya. A ware wa 'yan mata lokacinsu, don in aka haɗa, maza kan mamaye kujerun. Kada yaro ya buɗe shafi da cikakken sunansa ko ya sa hotonsa. A riƙa gayyato iyaye su ga aikin da idonsu, domin uban da ya ga abin da 'yarsa ta haɗa ba zai ƙara cewa wasa take zuwa yi ba.

Abin da laburarenmu ke nema bai fi ƙarfin unguwa ba: ƙaramar sola, kwamfutocin da ke kwance a gidaje da ofisoshi suna shan ƙura, da babba guda mai haƙurin zama da yara. Ba sai ya zama gwani ba. In kana da ɗaya daga cikin ukun nan, nemi laburaren da ya fi kusa da kai, ka tambayi ranar da matasa ke zuwa.