Tumatir: Amfaninsa Ga Jiki Da Maganar Ciwon Daji

Da wuya a sami gidan da ba a san tumatir ba. Ana sa shi a miya, ana yanka shi a kwaɗo, ana cin sa da tsire. Manoman rani a Kadawa da Kura ta Jihar Kano, da Ɗanja ta Jihar Katsina, da fadamar Haɗeja, suna samun abin rufin asiri da shi. Amma mutane da yawa ba su san aikin da yake yi a jiki ba. Wasu kuma sun ji ana cewa yana maganin ciwon daji, wato sankara. To, mene ne gaskiyar wannan magana?

Abin da ke cikin tumatir

Asalin tumatir daga nahiyar Amurka ta Kudu ne. Turawan Sifen ne suka kai shi Turai kimanin shekara 500 da suka wuce. Daga can ya bazu ko'ina a duniya.

Yawancin jikin tumatir ruwa ne. In aka kasa shi kashi 100, wajen kashi 94 ruwa ne. Saboda haka ba ya sa ƙiba. A cikin ɗan abin da ya rage ne amfaninsa yake:

1. Akwai bitamin C. Shi ne ke taimaka wa rauni ya warke da wuri, ya kuma ƙarfafa dasashi. Yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarin jini da ke cikin wake da zogale da alayyafo. Wannan yana da amfani ƙwarai ga mata masu ciki da yara.
2. Akwai sinadarin fotasiyam, wanda ke taimakawa wajen daidaita hawan jini.
3. Akwai harza a ɓawonsa da 'ya'yansa, wadda ke sauƙaƙa bayan gida.
4. Akwai sinadarin laikofin. Shi ne ke sa tumatir ya yi ja in ya nuna. Akwai shi a jan kankana da jar gwaba. A kansa ne maganar ciwon daji ta taso.

Yadda maganar ta faro

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wata 'yar ƙwaya da likitoci ke kira furostat. In namiji ya manyanta, ciwon daji kan iya kama ta. A Nijeriya, wannan shi ne ciwon dajin da ya fi yawa a tsakanin maza.

A shekarar 1995, masana na Jami'ar Habad ta ƙasar Amurka suka fitar da sakamakon wani bincike. Sun bi diddigin abincin maza kusan 48,000 har shekara 6. Sai suka ga masu cin abinci mai tumatir sau 10 ko fiye a mako ba su kamu da wannan ciwo kamar masu cin sa jefi-jefi ba. Bambancin ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku. Masana suna ganin laikofin yana kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, kamar yadda mai ke hana ƙarfe tsatsa.

Amma ba a tsaya nan ba. An sake bincike a wurare da dama. Wasu sun sami irin wannan sakamako, wasu ba su samu ba. Ga wani abin lura kuma: mai yawan cin tumatir sau da yawa shi ne mai cin ganye da 'ya'yan itatuwa, mai kula da jikinsa. Don haka da wuya a ce tumatir kaɗai ne ya kare shi.

A shekarar 2005, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta duba binciken da aka yi, ta ce hujjar ba ta da ƙarfi. A 2014, Asusun Binciken Ciwon Daji na Duniya shi ma ya ce hujjar ba ta kai a yanke hukunci ba.

Ke nan tumatir abinci ne mai kyau, kuma mai yiwuwa yana ba da gudummawa wajen kariya. Amma ba magani ba ne. Wanda ciwon daji ya riga ya kama, ruwan tumatir ba zai warkar da shi ba. Duk wanda ya zo yana tallar kwalba ko ƙulli yana cewa maganin daji ne na tumatir, kuɗin mutane yake so.

Ɗanye ko dafaffe?

Kowanne da ranarsa. Ɗanyen tumatir ya fi bitamin C, domin wuta tana rage shi. Dafaffe kuwa ya fi ba jiki laikofin, musamman in an dafa shi da ɗan man gyaɗa ko manja. Ashe jar miyar da uwargida ke soyawa tana kan hanya. Abin da ya fi shi ne a riƙa haɗa duka biyun. Sai dai a rage gishiri da ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babban mutum zai ci a yini ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya.

Abubuwan kiyayewa

1. A wanke tumatir da ruwa mai tsabta kafin a yanka, musamman wanda za a ci ɗanye.
2. A guji ruɓaɓɓe da wanda ya yi fumfuna, ko da ya yi araha. Araha ba ta ado.
3. Manomi ya jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar magani bayan feshi, sannan ya tsinka.
4. Lokacin da tumatir ya yi yawa da rani, a yi kauɗa don damina. A shanya a kan tabarma ko rumfa mai tsabta, ban da ƙasa ko bakin titi. In ta bushe sarai, a adana inda babu danshi.
5. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita yawan da zai ci. Wanda tumatir ke tayar wa ƙwannafi ya rage.

Hanyoyin kariya da aka tabbatar

Barin taba sigari da barasa yana rage haɗarin ciwon daji. Allurar rigakafin ciwon hanta da ake yi wa jarirai tana kare su daga dajin hanta in sun girma. Haka kuma guje wa gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna. A watan Oktoba na 2023, Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin dajin bakin mahaifa kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ba da shawarar babban mutum ya ci giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kullum. Tumatir ɗaya ne daga cikinsu, tare da albasa da kuɓewa da karas da kabewa.

Magidancin da ya haura shekara 45, in ya ga fitsari yana yi masa wuya, ko yana yawan tashi fitsari da dare, ko ya ga jini a ciki, ya tafi asibiti. Macen da ta ji ƙulli a nono, ko ta ga jini ba lokacin al'ada ba, ita ma kada ta ɓoye don kunya. Ba kullum ne waɗannan alamu ke zama daji ba, amma likita ne kaɗai zai tantance. In an gano ciwon da wuri, an fi samun nasarar magani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.