Dila Malamin Daji da Teburin Wasan Zamani

Ma'aikacin da ya baro sakatariyar tarayya da yamma ya faɗa cunkoson Zuba, kafin ya wuce Dutsen Zuma ya isa gida, sau da yawa yara sun yi barci. Tatsuniyar dare ta zama sai an dace.

A wasu ƙasashen kuwa, tatsuniya ta koma tebur. Tun 1974 da wasan Dungeons & Dragons ya fito a Amurka, 'yan wasa kan zauna, kowa ya ɗauki halin wani jarumi, su saƙa labari tare. Wasan Pathfinder har ya ba su damar zama kitsune, yanyawar almarar Japan mai rikiɗa ta zama mutum, wadda wutsiyoyinta kan kai tara.

Mu ma muna da namu gwanayen dabara: dila, Gizo da matarsa Ƙoƙi, waɗanda Frank Edgar ya wallafa labaransu daga 1911 zuwa 1913. Gwamnatin tarayya ta ware wa al'adu da ƙirƙira ma'aikata a 2023. Idan ba a tallafa wa matasanmu sun mayar da dila ɗan wasa ba, yaranmu za su tashi sun fi sanin yanyawar Japan.