Mai riƙe da makulli: abin da ke firgita mata a labaran ban tsoro na Turai

Duk wanda ya yi karatun Faransanci zai iya tuna tatsuniyar Barbe Bleue da Charles Perrault ya wallafa a 1697: attajiri ya miƙa wa amaryarsa makullan gida, ya hana ta buɗe ɗaki guda, ta buɗe ta tarar da gawawwakin matansa na baya. Wannan tsoron na mace a gidan mijinta shi ne ƙashin bayan adabin da Turawa ke kira Gothic, wato labaran tsofaffin fadoji, ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da fatalwowi.

Masana na ɗaukar littafin The Castle of Otranto na Horace Walpole, wanda ya fito a Ingila a 1764, a matsayin mafarinsa. A ciki, ɗan basarake Manfred ya mutu ranar aurensa, sai uban ya ƙudura sakin matarsa ya auri amaryar ɗan nasa, Isabella, don ya samu magaji. Ba wanda ya tambayi ra'ayinta. Ta tsere ta wata hanyar ƙarƙashin ƙasa, daga ƙarshe Manfred ya daɓa wa ƴarsa Matilda wuƙa yana zaton Isabella ce.

Bayan shekara 30, Ann Radcliffe ta fitar da The Mysteries of Udolpho. Montoni ya auri gwaggon Emily saboda dukiya, ya kwashe su zuwa wata fada a tsaunukan Italiya, ya kulle matar don ta sa hannu ta sallama masa kadarorinta. Ta ƙi, ta mutu a can, sai ya juyo kan Emily. Radcliffe takan bayyana a ƙarshe cewa abubuwan da aka zaci fatalwa ne suna da dalili na zahiri. Takardar da Montoni ke neman a sa wa hannu kuwa gaskiya ce tun farko.

Masu karatu mata na wancan zamani sun san haka, domin doka na bayan miji. A Ingila, da zarar an ɗaura aure, kuɗin mace da abin da ta samu da guminta sun zama na mijinta, kuma ba ta iya shigar da ƙara da sunanta ita kaɗai. Sai a 1870 aka ba ta ikon riƙe albashinta, a 1882 kuma ikon mallakar dukiyarta. A Faransa, dokar Napoleon ta 1804 ta wajabta mata biyayya, kuma sai a 1965 matar aure ta samu damar buɗe asusun banki ko kama aiki ba da izinin miji ba.

Wani makamin shi ne kalmar "mahaukaciya". A Jane Eyre na Charlotte Brontë, wanda ya fito a 1847, Rochester ya auri Bertha Mason a Jamaika tare da dukiyar fam 30,000, sannan ya ɓoye ta a benen ƙarshe na gidansa. Daga bakinsa mai karatu ke jin tarihinta, har ranar da ta cinna wa gidan wuta. A Amurka, gajeren labarin The Yellow Wallpaper na Charlotte Perkins Gilman a 1892 ya nuna likitan da ya killace matarsa bayan haihuwa, ya hana ta rubutu da sunan magani, cikin lallashi da daɗin baki, har hankalinta ya gushe. Gilman da kanta ta sha irin wannan jinya.

Sai a 1966 Bertha ta samu mai magana da yawunta. Jean Rhys, wadda aka haifa a tsibirin Dominika, ta rubuta Wide Sargasso Sea, inda matar ta ba da labarinta a matsayin Antoinette, kafin miji ya karɓe dukiyarta, ya sake mata suna, ya raba ta da ƙasarta. Wanda ya karanta littattafan biyu zai koma Jane Eyre da tambayar da Rochester bai so a yi ba: haukan ne ya sa aka kulle ta, ko kullen ne ya haukata ta?